Kuɗin Kaka da Na Goge

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Latifatu Mashudu ta unguwar Changli a Tamale, ɗalibar aji uku na sakandare, na rubuta wannan da hannuna, ina cikin hankalina, ba wanda ya sa ni. Ranar Talata za a kai ni Akra a yi mini aikin zuciya. Likita ya ce ana tashi lafiya, amma na ga fuskar Mama lokacin da yake magana. Ba ni da 'ya'ya, ku nake da su, ƙannena Samiha da Suhuyini. Ku karanta a natse.

1. Littattafaina na Samiha ne, ban da na ilimin halittu. Wannan na Fusena ƙawata ne. Ki mayar mata, ki ba ta haƙuri kan shayin da ya zube a bangonsa.

2. Akwatina na makaranta da shuɗin hijabina na Suhuyini ne. Ya yi miki tsawo yanzu, kada a yanke, za ki kai.

3. Wannan shi ne dalilin rubutun, kuma yana damuna fiye da ciwon.

Kun san Kaka ya rasu ya bar gwangwani biyu cike da tsofaffin kuɗi na zamanin Turawa, kwabo mai huda a tsakiya da sisi da sule, waɗanda ya tara yana fataucin goro. Gado ne tsakanin Baba da ƙanensa Baba Imoru, aka ajiye a gidanmu. Shekara biyu da suka wuce, ana jibi Babbar Sallah, Mama ta sa ni goge tasoshi da farantai da toka da lemun tsami, yadda muke yi kowace shekara. Da na gama sai na ga gwangwani ɗaya a ƙarƙashin gado. Kuɗin sun yi baƙi, wasu har da kore. Na ji kunya a ce komai na gida yana sheƙi, kayan Kaka kuma suna cikin datti. Na jiƙa su a ruwan lemun, na bi su da soson ƙarfe ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka yi zafi. Na mayar, ina jiran a gani a yaba mini.

Bayan Sallah Baba Imoru ya zo da wani mai sayen tsofaffin kuɗi daga Kumasi. Ni na kai musu ruwa. Mutumin ya duba da gilashin ƙara girma, ya ce baƙin nan ba datti ba ne, shi ne shaidar shekarunsu, shi masu tarawa suke nema. Ya ce gogewar ta cinye fuskar ƙarfen, ta bar ƙarce a kan hoton sarki da rubutun, kuma ba abin da zai dawo da su. Gwangwanin da ban taɓa ba ya yi masa tayi mai kyau. Wanda na goge kuwa ya ture shi gefe.

Baba Imoru ya ce waɗannan masu ƙyalli ba su ne mahaifinsu ya bari ba, an sayar da na asali an zuba wasu. Baba ya rantse da Allah bai sayar da komai ba. Ina tsaye da faranti a hannu, bakina ya ƙi buɗuwa. Tun ranar ba sa gaisawa. Da aka kwantar da ni a asibiti bara, Baba Imoru ya rako matarsa da fura, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba don Baba yana ciki.

Ni na goge su. Baba bai taɓa ko kwabo ɗaya ba.

4. Gwangwani na biyu, wanda ban goge kuɗinsa ba, yana ƙasan akwatin Mama. Kada ku wanke su, ba da lemun ba, ba da sabulu ba, ko tsumma kada ku sa musu. In za ku ɗauka ku riƙe ta gefe. Ku naɗe kowanne daban a takarda, ku nisanta su da laima. Kada a sayar sai Baba da Baba Imoru suna zaune wuri ɗaya sun yarda.

5. Samiha, na san kin fi ni baki. Da zarar motarmu ta tashi, ki tafi gidan Baba Imoru a unguwar Dabokpa ki karanta masa abu na uku na wannan takarda daga farko har ƙarshe. Kada ki jira labari daga Akra. In na dawo zan je in durƙusa da kaina. Na kwafa wa Baba nasa, zan miƙa masa a mota, tunda tafiyar tana da tsawo kuma ba inda zan gudu.

Ku yafe mini shirun shekara biyu. Allah Ya raya ku, Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sanyaya zuciyar Mama. Ku riƙa zuwa Dabokpa ranar Juma'a ko ba a aike ku ba, har iyayenmu su gaji su biyo ku. Samiha, ki gaya wa Baba Imoru ina roƙonsa abu ɗaya: duk yadda aikin ya ƙare, idan mota ta dawo Tamale, Baba ya same shi a tasha.

Yayarku,
Latifatu