Yadda Za Ki Tarbi Ƙwallo, Ndella

Zuwa ga 'yata Ndella,

Gaisuwa mai yawa daga Sifaniya. Yaya mahaifiyarki, yaya ƙafar kakarki? Ni lafiya lau. Aikin tumatir dai yakan sa bayana tsami, amma kada ki gaya musu.

Na kalli bidiyon wasanku. Gudu kam kina da shi, sai dai ƙwallo na zuwa sai ta buge ki ta tsere. Masu zaɓen 'yan wasa da za su zo gwaji daga Dakar abin da za su fara dubawa ke nan. Ki samu ƙawayenki Rokhaya da Astou ku tsaya kamar duwatsun murhu a bakin teku. Kafin ƙwallo ta iso, ki waiga ki san wa za ki ba. Ki tarbe ta da cikin ƙafa a hankali, kamar mai karɓar ƙwai, ki miƙa da ɗayar, ki bar wurin. Ƙafar hagun nan da kike ɓoyewa, na lura.

Ran Lahadi nakan tsaya bayan shinge ina kallon wani koci yana koya wa sa'anninki wannan. Rannan ya matso ya ce, "Abokina, wacce ce taka?"

Na ce, "Tawa tana Mbour, kuma ta fi su gudu."

Ya ce, "To kawo ta mana!" Dariya kawai na yi masa.

Ranar gwajin ba zan samu zuwa ba, takarduna ba su fito ba. Allah ya ba ki sa'a. Ko an ɗauke ki ko ba a ɗauke ki ba, ki sa a turo mini wasan duka, kada a yanke ko'ina.

Mahaifinki,
Ablaye Sarr