Wurin da Na Yanke

Daren Alhamis, Boɗinga

Har yanzu warin waken nan bai bar hancina ba. Wani dattijo ya taso tun daga Horo Birni da jarka, ya buɗe ta a gabana. Duk waken da ke ciki ya yi fumfuna.

Bidiyona na adana wake ba tare da magani ba ya bi. Wurin da na ce a shanya shi ya bushe ƙarau kuwa na yanke shi, wai don dogon bidiyo ba ya samun 'yan kallo.

Da ma zagina ya yi. Sai ya rage murya: "Malam, sau ukku nik kalla. Hwaɗa min inda nik kuskure."

Irin shukarsa ne na baɗi. Ni kuma, da bakina, na ce wataƙila jarkar ce.