Dardumar da Ba a Ninke Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza, ɗiyar Maraɗi, uwar gidanmu na Yantala.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, gwiwa a ƙasa, hula a hannu, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki cikin sanyin makwanci. Na san ba ki karanta boko ba. Ni ma a salula na tsince shi, allo kaɗai na sani. To masu bina a nan shafina na salula su karanta da ido, ke kuma Allah ya isar miki da abin da ke ciki.

Mutanen gida lafiya lau. Damina ta yi mana rowa, an fita roƙon ruwa, dangi daga ƙauye sun cika zauren Baba. Sodoji na nan bisa kujera. Kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa kamar suruki mai kunya, ya leƙo ya koma. Amma ana tuƙa tuwo, ana dariya, alhamdulillahi.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Inna, na yi hotonki.

Tsaya, ajiye takalmin tukuna, ki ji ƙarshen magana.

Kin tuna yadda na yi ta farautar fuskarki tun da na fara aiki a istidiyon Patron a Wadata? Na laɓe miki bayan randa. Na hau katanga. Na taɓa biyo ki har Petit Marché na ɓuya bayan mai kabewa. Abin da na samu yana nan a ajiye: tafin hannunki ya rufe komai, bayan mayafinki, da wani takalmi yana tafe cikin iska, ya fito tas har ana ganin ɗinkinsa. Wannan na ƙarshe shi ne hoto mafi kyau da na ɗauka a shekarar, kuma goshina ya shaida.

Kin ce, “Wanda ya iya ɗora wa tela kan akuya, ni zan ba shi fuskata?” Ba ki yi ƙarya ba. Aikina ke nan a ordinatar, wato kwamfuta: in cire mutum daga gindin itacen bedi in tsayar da shi gaban jirgin sama, in ba mai ramammen wuya tumbin alhaji. Telan ma da kansa ya liƙa hoton akuyar a shagonsa, yana cewa ta fi shi kwarjini.

Da ciwo ya kwantar da ke, kin kama kunnena, wannan dai na hagu da kika saba, kika ce, “Ɓarawon fuska, ko na tafi kar ka rataye ni a bango ƙuda su yi ta sauka a kaina.” Na ce na ɗauki alkawari. Ban yi dariya ba ranar, kin sani.

To takwararki ce ta tayar da zancen. Ɗiyar Yaya Rabi, wadda kika bari a goye, muna ce mata Mama. Ta yi baki yanzu, ta fi rediyo. Ta shiga gidajen maƙwabta ta ga kakannin mutane cikin gilashi, ta dawo tana tambaya ita ina tata. Yaya Rabi ta kasa haƙuri, ta lalubo tsohon katinki na ɗan ƙasa, wanda kika ɗaure fuska kamar an ci miki bashi, hatimi ya cinye rabin kumatu. Ta ce in ƙara masa girma a inji, in goge hatimin, in sa miki murmushi. Aikin shan shayi ɗaya ne a wurina. Amma ke kin ce wancan hoton na gwamnati ne, ba naki ba, kuma kunnena na hagu bai manta ba.

Baba ne ya raba gardamar. Kin san tun tafiyarki ba ya ambaton ki, in an taɓo zancenki sai ya nemi buta. Ya ce, “In ya yi abin da zan gane ta a ciki, bai kuma karya alkawarinta ba, ni zan buga ƙusa da hannuna. In ba haka ba, bangon ya zauna yadda ta bar shi.”

Sai na ɗauko dardumarki.

Na farko da na yi, Inna, da kin gani da kin nemo ɗayan takalmin. Na ɗauki hoton dardumar a tsakar gida, na kai ta ordinatar, na zuba mata duk abin da na mallaka. Gajimare, matakalar haske har sama, kurciyoyi farare, korayen ganye kamar an yi damina biyu a jere. Na sa shi a nan, mutane suka yi ta “masha Allah”. Yaya Rabi ta yi kuka. Na kai wa Baba ina tafiyar ƙasaita. Ya duba, ya miƙo mini, ya ce, “Tallar tafiya Makka ce? Uwarka ba ta son hayaniya.”

Na ji haushi, amma na tuna Malam na makarantar allo. In ka cika allo da ƙawa alhali harafin bai zauna ba, ba ya faɗa, sai ya nuna maka bakin rijiya. Na je na wanke allona.

Daga nan ne na fara kallon dardumar da gaske. Ashe kin bar rubutu a kanta. Wurin goshi ya koɗe ya yi fari. Wurin gwiwoyi ya lotsa, na dama ya fi zurfi, don ta hagu ce ke miki ciwo kina jin tausayinta. Can ƙasa zare ya fita inda yatsun ƙafa ke tokarewa. Wannan duk tsawonki ne, da nauyinki, da shekarunki. Ni da nake neman abin da zan ƙara, ashe ragewa ya kamata in yi.

Bayan sallar asuba na saɓa ta na gangara bakin kogin Isa, ƙasan lambunan unguwa. Kogin ya ja baya sosai bana, ya bar laka ta bushe ta tsattsage. Ki yafe ni, da na ga tsagar nan dugaduganki na tuna, waɗanda kike shafa wa man kaɗe kina cewa ƙafar da ta yi aiki ba ta jin kunya. A nan na shimfiɗa ta.

Sai rigima ta tashi tsakanina da alƙibla. Ni ina son ruwa ya fito cikin hoton, amma in darduma ta dubi gabas, kogin yana bayana. Patron ya riga ya ce mini wannan ba komai ba ne, a ɗauka yadda ya yi kyau, inji ya juya sauran. Na tsaya ina tunani. Matar da ko a lopital sai da ta sa aka juya mata gadon jinya ya dubi alƙibla, ita zan karkatar don hoto ya yi kyau? Na bar kogin a baya. Na yi alwala da butarki a gefe, ƙasa ta sha, ta yi duhu wuri ɗaya. Ruwan da ke cikin hoton ke nan duka. A shekara irin wannan, ya isa.

Ina durƙushe ina jiran rana, sai ga wani soja cikin masu sintiri ya gangaro, yana tambaya me nake ɗauka a nan da sassafe. Na ce uwata. Ya dubi darduma, ya dube ni, ya sake duban darduma. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Kala suru,” irin haƙurin da Zabarmawa ke ba mai makoki, ko mai taɓin hankali. Har yau ban san wanne ya ɗauke ni ba.

Ban zaɓi inda zan tsaya ba, ƙafata ce ta kai ni. Bayanki, ɗan nesa kaɗan, ƙasa-ƙasa. Wurin da nake tsugunawa ina yaro ina jiran ki sallame in ce yunwa. Da rana ta leƙo ta saman itatuwan lambu, haskenta ya kwanta daidai wurin goshin. Na danna.

A ordinatar kuma ban yi rawar kai ba wannan karon. Kin san tsohon allo, ko an wanke shi, inuwar karatun jiya tana nan ƙarƙashin na yau. Haka na bi. Na ɗauko hoton bangon ɗakinki, wurin da bayanki ya goge ya yi santsi, na shimfiɗa shi cikin sararin sama, siriri, sai mai lura zai gani. Na ɗauko hayaƙin turaren da ya rage a kaskonki, na tsayar da shi bisa dardumar, iya tsayin mace a zaune. Ba kai, ba hannu, ba inuwa. In kuran ya tafi in zauna in yi ta salati, in ya dawo in rage wani abu. Sai da ya zama babu abin cirewa na tsaya.

Da aka bugo shi a takarda aka sa a kadar, firam mai gilashi, sai na ga kuskurena. Ban ninke gefen dardumar ba.

Ke da ba ki taɓa tashi daga salla ba sai kin ninke gefe, wai kar Shaiɗan ya samu wurin hawa. Ni kuwa aikina in lallaɓo in buɗe, in zo in ce miki na gan shi ya yi raka'a biyu har da ƙunuti. Kika ce, “To ka bi shi jam'i mana, tunda ɗan'uwanka ne.” Ni ɗin nan ne na manta. Na ce shi ke nan, Baba zai ce wannan ba matarsa ba ce. Na jingine kadar a tsakar gida da niyyar in mayar istidiyo in ninke gefen a inji.

Ban kai ga fita ba Baba ya dawo daga masallaci.

Ya tsaya. Ya sunkuya. Ya daɗe, har shayin Yaya Rabi ya ƙone bisa gawayi. Yaran baƙinmu na ƙauye suna ta guje-guje da ihu a bayansa. Sai ya juyo, ya sa yatsa a baki, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, “Kai, ku yi hankali. Ba ku ga Hadiza ba ta sallame ba?”

Inna, ya faɗi sunanki. A gaban kowa.

Mama ta kutsa ta tsakanin ƙafafunsa tana cewa ita ba ta ga fuska ba. Ya ɗaga ta ya ce, “Mai salla gabas take duba. Ke bayanta kike, kamar mu duka. Ki jira.”

Da kansa ya aika a karɓo guduma. Ya bugi yatsa sau ɗaya, na yi dariya, ya ce Allah ya shirye ni, na ce amin.

Yanzu yana nan a bangon rumfa, wajen gabas. Ba ke na rataye ba, wurinki ne kawai. Ƙuda na sauka, ba zan ɓoye miki ba, amma bisa gilashi. Mama takan zauna ƙarƙashinsa da kwanon koptonta, in an yi surutu ta ce a yi shiru Kaka na salla. Gefen kuma na bar shi a buɗe. In Shaiɗan ya ga wuri ya zo, zai tarar da mai wurin ba ta tashi ba.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki kamar yadda ya haskaka wurin goshin nan. Ya karɓi kowace sujada da ta cinye zaren dardumarki. Ya ba mu ruwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ƙara wa Baba kwana. Ya haɗa mu a inda ba a rufe fuska da tafin hannu.

Ni ne autanki, mai jira a bayanki har ki sallame,
Ɓarawon fuska.