Sikelina da na Rahila

Talata, bayan isha'i, Kudan.

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau a ɗakin awon jarirai Sista ta kawo dutsen kilo biyar ta gwada sikelinmu. Nawa sabo fil, sau uku yana nuna biyar da rabi. Tsohon na abokiyar aikina Rahila kuwa allurarsa rawa take, amma ba ta nisa da biyar.

Na ce, "Ai nawa magana ɗaya yake yi."

Sista ta ce, "Maƙaryaci ma yana tsayawa kan magana ɗaya, Binta."

Mata duk suka koma layin Rahila. Da dariya Rahila ta yi mini, da sauƙi. Wai zuwa ta yi tana ba ni haƙuri!