Na Ce Mijina Ya Rasu Don In Rabu da Karensa

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar shafin nan. Don Allah ki sakaya sunana, Hausawan Manchester ba mu da yawa amma bakinmu ya fi yawanmu. Masu zagi ku daure ku kai ƙarshe tukuna, na san halinku, wasu daga ganin kalmar kare za su fara jefo min a'uzubillahi. Ban zo a wanke ni ba, shawara nake nema kafin ranar Asabar.

A Levenshulme muke zaune, ni da mijina da 'yarmu guda ɗaya, bari in kira ta Amira. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shi akanta ne, ya daɗe yana aiki a council, wato ƙaramar hukuma, har aka shigo wannan zamani na tsuke bakin aljihu, aka yi ta rufe wurare ana sallamar mutane, guguwar ta haɗa da shi. Mutumin da ko shago ba ya zuwa sai ya goge takalmi, sai ga shi ya koma kwanciya, labule a sake, ba wanka ba magana, masallaci ma sai na yi da gaske. GP, likitar unguwarmu, ta ba shi ƙwayoyi, ta ce ya nemi abin da zai riƙa fitar da shi waje. Ni na zaci motsa jiki zai fara, ko ya koma haddar da ya bari. Sai ga bawan Allah ya shigo min da karnuka biyu daga gidan da ake tara waɗanda aka yasar.

Kuma wai karnukan ma ba na kirki ba, irin waɗanda Turawa ke kira dachshund ne, jiki dogo ƙafafu guntaye, kamar an yi wa taɓarya ƙafa. Namijin bayansa ya shanye, a wani ɗan keke yake jan jiki, sai an matse masa mara yake fitsari. Macen makauniya ce fitik. An ɗaura ƙararrawa a jikin keken, ita kuma ƙarar take bi duk inda ya nufa. Ya sa musu suna Keke da Lalube. Na ce, "Abban Amira, duk karnukan Ingila ka rasa na ɗauka sai gurgu da makauniya? In dole ne ka mayar da ɗaya mana." Ya ce, "Ba a raba su, Maman Amira, bonded pair ne. Ba wanda yake son su, shi ya sa na ɗauko." Ku ji fa. Mai digiri biyu, ɗan gidan malamai, ya durƙusa a bayan gida da safar hannu yana matse wa kare fitsari, yana ce masa sannu. Ni da nake kwana a tsaye a asibiti ban tuna ranar da na samu wannan sannun ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa ko ba daɗi, ya tashi. Ya ware musu ɗakin baya da kwanukansu, yana da rigar da yake sawa in zai taɓa su, ya canza in zai yi salla. Kullum da safe ya ja su zuwa filin unguwa, Turawa suna tsayawa suna yi musu murya kamar sun ga jarirai, mutanen da iyayensu ke gidan tsofaffi ba mai leƙa su. Ya dawo cin abinci, ya dawo dariya, har ya fara neman aiki. Ni kuwa ina ɓoye fuska a Stockport Road kada wata Hajiya ta hango mu.

Ana haka aka fito neman auren Amira, yaro likita, iyayensa a Cheetham Hill, irin gidan da ake auna mutum tun daga takalminsa. Aka sa ranar da kawunnansa za su zo gaisuwa. Kun san yadda ake bincike, abin da aka gani a gidan yarinya shi ake kaiwa gida a baje. A ce an je gidan surukai an tarar da kare a keke? Lalube ba ta da matsala, in ka ajiye ta nan za ta zauna. Keke ne ɗan jaraba, ana taɓa ƙofa zai cika layi da haushi. Na roƙi Abban Amira ya kai su wani wuri na kwana biyu, ya ce, "Makauniya ba ta iya sabon wuri, za ta yi panic. Wanda zai ƙi 'yata saboda wannan, gara ya ƙi tun yanzu." Shi namiji ne, ba shi za a yi wa gori a wurin biki ba.

Sai na shiga wani shafi na masu kiwon nakasassun karnuka, na samu wata Baturiya a Birmingham da ta mayar da gidanta asibitinsu. Ranar Juma'a yana fita masallaci na saka Keke da kekensa a mota, na bar gate ɗin baya a buɗe, na kama hanya. Matar ta tare ni da gashin kare har a gira, ta tambaye ni dalilin rabuwa da shi. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni, na ce na mijina ne kuma ya rasu. Ta rungume ni tana kuka, ta haɗa min shayi. Na zauna a kujerar da ke warin kare ina karɓar ta'aziyyar mutumin da ɗazu-ɗazu yake sahun gaba yana sauraron huɗuba. Wace irin mace ce ke yin haka?

Kawunnan sun zo ranar Lahadi. Ko lemon da na ajiye ba su shanye ba, suka yi addu'a suka tashi, babbansu yana sauri kada a ci shi tarar ajiye mota. Ba wanda ya leƙa ko kicin. Don waɗannan na yi tafiyar Birmingham.

Yanzu ga halin da ake ciki. Lalube ta daina ci. Tana zagaya ɗakin tana cin karo da bango, ta tsaya ta karkata kai tana sauraro, ta koma ta kwanta inda keken yake tsayawa. Likitan dabbobi ya ce in ta ci gaba a haka ba za ta daɗe ba. Abban Amira ya manna hoton Keke a kowace bishiya, yana bi layi-layi yana kaɗa makullai wai ko zai ji. Bai taɓa zargina ba, kansa ya ɗora wa. Shekaranjiya na same shi a kan dadduma, ya ce, "Ni na bar gate ɗin, na tabbata ni ne. Aiki ban riƙe ba, yanzu gurgun kare ma ya gagare ni riƙewa." Tun daga nan labule ya koma a sake, kiran da aka yi masa na ganawar aiki ma bai ɗaga ba. Har yanzu karnukan nan ba su burge ni ba, ban ga abin so a jikinsu ba, amma ni na san abin da kwanciyar nan take nufi, a asibiti nake aiki.

Jiya Baturiyar ta kira ni. Ashe a ƙasar nan kare ma yana da rajista, akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatarsa, ni ina na sani? A Kano wa ya taɓa yi wa kare rajista? Likitanta ya duba, ga sunan mijina, ga adireshinmu, ga bayanin cewa su biyu ne ba a raba su. Ta ce ba ta kira lambar da ke ciki ba saboda ta mamaci ce, ba ta so ta tayar min da hankali. Ta ce shi ma Keke ya ƙi abinci, don haka ranar Asabar za ta taho da shi ta ɗauki 'yar'uwarsa, ta rage min nauyi in ji da takaba. Har kek za ta gasa min.

In na hana ta zuwa, makauniyar za ta mutu, kuma ina tsoron ba ita kaɗai ba. In na bar ta ta zo, zai ji ƙararrawar tun daga bakin titi, ya fito da gudu ba takalmi, ya tarar da mace riƙe da kek tana tambayar matar marigayi, ga bikin 'yarmu a gaba. Na iya kallon idonsa na ce ban ga karensa ba. Ban san yadda zan kalle shi in ce na kashe shi da bakina ba.

Anti, jama'a, me zan yi?