Hayin Gada

Carlisle, Maris 1838

Zuwa ga Lady Araminta Ravensby,

Gaisuwa da ban girma, tare da ta'aziyyar maigidanki, ko da ta makara.

Na karanta littafinki. Kin ɓoye sunanki, amma kin bar gurguwar godiyata da tabon goshina, don haka duk wanda ya san ni ya gane ɗan leƙen asirin nan da ya gudu da magajiyar dukiya. Kin ƙara mini tsawo, kin ba ni takobi. Na gode. Abin da na tuna shi ne ciwon haƙori da laka.

Ba yabo ya sa na ɗauki alƙalami ba. Jiya Mista Crake, ɗan baffan mijinki, ya hawo ɗakina da lauya. Ya buɗe shafin da muka haye gada daga Ingila zuwa Scotland, inda na ce wa mai masauki da matarsa, "Matata ce," ke kuma kika ce, "Mijina ne." Ranki ya daɗe, a hayin can wannan magana gaban shaidu biyu aure ne cikakke. Idan ta tabbata, aurenki da marigayi bai ɗauru ba, ɗanki Piers ba magaji ba ne, gidan na Crake ne. Shaidun sun mutu. Saura ni.

Naki mai biyayya,
Lucas Thirlwall

*

Ravensby, Maris 1838

Lucas,

Ina gaisuwa. Ai dabara ce! Kai ka raɗa mini in faɗi haka don mutanen babana su wuce mu. Ina 'yar shekara sha tara, ina na san dokar wata ƙasa? Kai da ka yi karatun shari'a, ka sani? In ka sani, don me ka tsaya kamar gunki da babana ya iso ya ja ni zuwa keken doki?

Piers bai san komai ba. Matarsa na da ciki. Faɗi abin da kake so.

Araminta

*

Carlisle, Afrilu 1838

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa. "Faɗi abin da kake so." Muryar babanki sak.

Na sani mana. Ba don mutanen babanki na zaɓi masaukin hayin gada ba. Da ya iso, na dube ki ina jira ki maimaita kalmar nan a gabansa. Kika ce, "Baba, wannan bawan Allah rakiya kawai ya yi mini." A littafinki kuwa jarumar ta rungume jarumin tana kuka. Ita ta fi ki ƙarfin hali, ga shi har ta sami masu saye.

Crake ya sake zuwa. Ya ƙare wa ɗakina kallo ya ce, "Tsoho, ba ka gaji da warin kabeji ba? Kalma ɗaya, ka koma cin nama." Na ce masa na ci abinci da janar-janar na Faransa, su ma haka suke fara zance.

Ran Talata zan tsaya gaban alƙali.

L. Thirlwall

*

Ravensby, Afrilu 1838

Lucas, don girman Allah, me za ka ce? Ko layi ɗaya ka aiko.

Minta

*

Carlisle, Afrilu 1838

Lady Ravensby,

Gaisuwa. Na rantse cewa ba mu taɓa haye gadar ba, a Ingila muka sauka, sauran duk ƙirƙirar mai littafi ce. Alƙali ya yi dariya, Crake ya fita ya manta hularsa. Gidan na Piers ne.

Na yi ƙarya saboda ƙasata rabin rayuwata ban ji komai ba. Wannan ta yi ciwo, domin auren nan shi kaɗai na mallaka.

Kada ki aiko komai. In za a sake buga littafin, ki cire gadar.

Wanda ya yi miki rakiya,
Lucas Thirlwall