Inna Ta Wanke Kofi

Ƙanwata Sushila,

Bayan gaisuwa, ya koyarwa? Tarin Inna ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shekara da shekaru tana kwashe kashin mutane a kwando, ƙirjin ya gaji. Likitan nan ko taɓa ta bai yi ba, daga nesa ya rubuta magani. Ranar Talata zan sa ta a jirgin ƙasa zuwa wurinki a Kanpur, ki kai ta babban asibiti. Ni ɗan kwangila ba zai sake ni ba, damina ta toshe magudanai, kullum ina cikin rami.

Yayanki, Mahipal

Yaya,

Ina gaishe ka. Ka sa ni tsaka mai wuya! Matar Tiwari da nake haya a gidanta ta ɗauka 'yar babban gida ce ni, makaranta ma haka. Ranar da suka ji 'yan Valmiki ne mu, masu kwasar kashi da ake ƙyamar taɓawa, ɗaki da aiki sun tafi. Amma ta zo. Ka dai ja mata kunne, ta zauna a kujera, kada ta tsuguna a bakin ƙofa.

Taka, Sushila

Yaya,

Gaisuwa. Mai faruwa ta faru. Inna ta zauna a kujerar kamar a kan ƙaya. Matar Tiwari ta kawo shayi a kofinta, ta ce, "Sha mana, Inna, gidanki ne." Ta shanye. Sai ta miƙe ta nufi famfo, ta goge kofin da toka, ta kife shi a ƙasa nesa da sauran, ta ja da baya, yadda take yi a gidajen da take shara.

Matar ta ce, "Sushila, a garinku wace unguwa kuke?"

Da yamma ta fasa kofin, ta yayyafa ruwan tsarki na kogin Ganga a kujerar. Ta ce in na rantse Inna mai aikin gidanmu ce, in zauna. In ba haka ba, sai gaban shugaban makaranta. Inna ta ce, "Ke dai ki rantse, 'yar nan. Ni ina ruwana da suna?"

Yaya zan yi?

Sushila

Sushila,

Gaisuwa. Ki bi maganar Inna. Ba mu shiga rami don ki dawo ki riƙe tsintsiya ba. Kada ki yi mana asara.

Mahipal

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ce uwata ce. Ka tarye mu a tasha ranar Lahadi. Inna ta samu magani, amma tun ranar ba ta yi mini magana ba.

Ƙanwarka, Sushila Valmiki